Karatun jami'a kyauta a wayar salula: Abin da ake samu da abin da ba a samu

A shekarar 2021 na tafka wani kuskure da har yau idan na tuna shi nakan ji kunya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton cewa hauhawar farashi a Najeriya ta sauko daga kashi 18.17 cikin 100 a watan Maris zuwa kashi 18.12 a watan Afrilu. Ni kuwa na zauna na rubuta labari cewa kayan masarufi sun fara sauƙi.

Editan da na tura wa labarin ya kira ni a waya, ya tambaye ni yaushe rabona da shiga kasuwa. Sannan ya yi mini bayani cewa alƙaluman na nufin kaya na ci gaba da tashi, saurin tashin ne kawai ya ɗan lafa. Labarin bai fita ba, kuɗinsa ma bai zo ba, domin ɗan jarida mai zaman kansa abin da aka buga masa ake biyansa.

Ina da babbar difloma a aikin jarida, kuma an koya mana ƙididdiga a makaranta. Na haddace, na ci jarrabawa, na manta. Komawa aji kuwa ba ta taso ba, ga iyali ga neman na cefane. A cikin laluben mafita na ci karo da littafin koyon ƙididdiga na OpenStax, wani shiri na Jami'ar Rice da ke birnin Houston a Amurka, wanda ke wallafa littattafan karatun jami'a kowa ya sauke kyauta. Daga nan na gano cewa manyan jami'o'in duniya sun fi shekara 20 da buɗe darussansu ga jama'a, mu muna nan ba mu da labari. Da ma an ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Yadda abin ya faro

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da intanet ta fara bunƙasa, jami'o'in Amurka da dama sun yi ta lissafin yadda za su sayar da darussansu ta kwamfuta. Jami'ar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts ta kafa kwamiti ya duba mata wannan kasuwa, sai kwamitin ya dawo da shawarar da ba a zata ba: a saki kayan karatun kyauta.

A watan Afrilun 2001 shugaban jami'ar na lokacin, Charles Vest, ya sanar da shirin da aka raɗa wa suna OpenCourseWare. Gidauniyoyin Hewlett da Mellon suka ɗauki nauyin farawa. An buɗe shafin a 2002 da kwasa-kwasai 'yan kaɗan, zuwa 2007 sun kai 1,800, yanzu kuma sun haura 2,500.

A shekarar 2002 ɗin ce aka yi wani taro a hedikwatar hukumar UNESCO da ke birnin Paris, inda aka sa wa irin waɗannan kayan suna, wato kayan karatu na buɗe ga kowa. A watan Nuwamban 2019 ƙasashen da ke cikin hukumar suka amince da wata takardar shawara da ke kira ga gwamnatoci su tallafa wa samar da su, musamman abin da aka yi da kuɗin jama'a.

Kalmar "buɗe" a nan ta wuce kyauta kawai. Yawancin kayan na ɗauke da lasisin Creative Commons, wanda ke bai wa mutum izinin kwafa da rabawa, a lokuta da dama har da fassarawa ko gyarawa. Sharaɗin na MIT shi ne a ambaci mai shi, kada a yi kasuwanci da shi, kuma duk abin da aka ƙirƙira daga gare shi a sake shi a kan irin wannan izini. Ma'ana, malamin sakandare a Gumel ko Tessawa na da damar ɗaukar darasin MIT ya mayar da shi Hausa ya koyar da ɗalibansa, ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Ina ake samun me?

A shafin MIT babu rajista, babu neman adireshin imel. Mutum zai tarar da tsarin kwas mako-mako, da bayanan malami, da jinga, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wasu har da amsoshinsu. Wasu kwasa-kwasan na da bidiyon laccoci daga farko har ƙarshe. Mafi shahara a ciki su ne na Farfesa Gilbert Strang a kan wani reshe na aljabara da injiniyoyi da masu harkar ƙirƙirarriyar basira ke dogaro da shi. Miliyoyin mutane sun kalli laccocinsa, kuma sai a watan Mayun 2023 ya yi laccarsa ta ƙarshe yana da shekara 88.

Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 domin manya masu aiki, ta buɗe shafinta na OpenLearn a 2006. Wannan ya fi sauƙi ga mai farawa, domin darussan gajeru ne, wasu na 'yan awoyi, kuma an rubuta su don wanda ya daɗe rabonsa da aji. Akan ba da takardar shaidar halarta kyauta idan an kammala. Wannan jami'a ce ta jagoranci shirin TESSA na horar da malaman makaranta a Afirka, wanda Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna na cikin abokan aikinsa.

Jami'ar Yale ta fara sakin bidiyon wasu darussanta a 2007, daga baya har da na Robert Shiller a kan kasuwannin kuɗi, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 2013. Jami'ar Harvard kuwa tana da CS50, kwas ɗin share fagen ilimin kwamfuta da Farfesa David Malan ke koyarwa. Wanda ya yi dukkan jingar ya samu makin da ake buƙata, ana ba shi takardar shaida ta CS50 ba tare da ya biya ko sisi ba.

Ɗaliban kwalejojin fasaha su leƙa Indiya. Tun 2003 manyan cibiyoyin fasaha na ƙasar suka haɗu a shirin NPTEL, suka ɗauki laccocin injiniyanci da kimiyya a bidiyo, kuma dubbai daga ciki na nan a YouTube. Salon koyarwarsu na allo da alli ya yi kama da namu.

'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru masu Faransanci suna da dandalin FUN da gwamnatin Faransa ta buɗe a 2013. Akwai kuma Collège de France da ke Paris, wadda tun kafa ta a 1530 laccocinta a buɗe suke ga duk wanda ya zo, ba rajista ba digiri, yanzu kuma tana sa su a intanet. Masu Larabci na iya duba dandalin Edraak na ƙasar Jordan.

A nan gida ma akwai. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, tana ɗora littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kuma ko wanda ba ɗalibinta ba zai iya saukewa. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Bayan ya sauka daga mulki shi kansa Obasanjo ya zama ɗalibinta, ya karɓi digirin digirgir a Janairun 2018 yana da shekara 80. Gemu dai ba ya hana ilimi. Amfanin littattafan NOUN shi ne misalansu na Najeriya ne: dokokinmu, tsarin ƙananan hukumominmu, harajinmu.

Mu ma mun san irin wannan karatu

Idan aka cire waya da intanet, wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Damagaram ya san karatun zaure. Malami na zaune bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Isha'i, tela ya zo da littafinsa, ɗan kasuwa ya zo da nasa, tsohon ma'aikaci ya zo da nasa. Ba a tambayar shekaru, ba a cika fom, ba a yanka kuɗin makaranta. Mutum kan yi shekara 30 yana zuwa, yana gama wannan littafi yana ɗaukar wancan.

Da kaset ya zo aka fara ɗaukar karatun malamai ana yawo da shi gari-gari, daga baya abin ya koma katin memori da WhatsApp. Direban babbar mota da ke sauraron karatu daga Kano zuwa Legas, ai karatu daga nesa yake yi.

To amma a karatun boko mun ɗaure ilimi da takarda. Idan babu gurbin karatu, a wurin mafi yawanmu karatu ya tsaya. A 2024 matasa kusan miliyan 2 ne suka yi rajistar jarrabawar JAMB, kuma kowa ya san guraben ba sa isa. Waɗanda suka samu ma ba su tsira ba, domin a 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ɗalibai na gida, alhali darussan da za a koya musu a aji, ko makamantansu, suna nan a intanet.

Abin da ba a samu

Ya kamata a faɗa wa mai karatu gaskiya tun da wuri: wannan hanya ba ta ba da digiri. MIT ta bayyana ƙarara cewa amfani da shafinta ba ya sa mutum ya zama ɗalibinta, ba ta ba da shaida, kuma ba ta haɗa shi da malamanta. Takardar halarta ta OpenLearn ko ta CS50 ba za ta kai mutum hidimar ƙasa ba, ba kuma za ta ƙara masa matakin albashi a aikin gwamnati ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka "digirin Harvard na intanet" ta wannan hanya, damfararka zai yi.

Inda takardar ke ɗan amfani shi ne a ayyukan da ake duba abin da mutum ya iya, kamar rubuta manhajar kwamfuta ko nazarin alƙaluma. Ko a can ma, aikin da ka nuna ya fi takardar magana.

Sannan ba duk abin da aka kira kyauta ne ya tsaya a kyauta ba. A 2012 aka kafa manyan dandaloli biyu: Coursera, wadda malaman Jami'ar Stanford biyu suka kafa, da edX ta MIT da Harvard. Da tafiya ta yi tafiya, takardun shaida da wasu sassan darussa suka koma na kuɗi. A 2021 aka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, kamfanin kuma ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2024. Don haka kafin ka danna wani abu a irin waɗannan dandaloli, duba da kyau. Idan an nemi lambar katin banki da sunan gwajin kwana bakwai, to za a fara cirar kuɗi da zarar kwanakin sun cika.

Sai maganar data. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Bidiyon awa guda na iya cin ɗaruruwan megabait idan aka bar hoton a kan mafi kyawunsa. Ga matsalar wuta, ga ƙaramin allon waya da ke gajiyar da ido.

Akwai kuma harshe. Mafi yawan kayan da Ingilishi suke, kuma Ingilishin farfesan Amurka mai sauri ne. Wanda turancinsa na sakandare ne zai sha wahala a makonnin farko.

Babbar matsalar ita ce gamawa

Duk waɗannan ba su kai matsala guda ba, wadda ni ma na faɗa cikinta. A watan farko na yi rajistar kwasa-kwasai shida, na cika wayata da littattafai, ban gama ko ɗaya ba.

Ashe haka abin yake a ko'ina. Kwas na farko da MIT ta koyar kai tsaye ta intanet a 2012, a kan na'urorin lantarki, mutum kusan dubu 155 ne suka yi rajista, amma dubu 7 da 'yan kai ne suka kai ƙarshe suka ci. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019, wanda ya duba kwasa-kwasan MIT da Harvard a dandalin edX, ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu shiga suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018. Binciken ya kuma nuna cewa mafi yawan masu cin moriyar daga ƙasashe masu arziki suke.

A cikin waɗanda suka ci wancan kwas na 2012 akwai wani yaro ɗan shekara 15 daga ƙasar Mongoliya, Battushig Myanganbayar, wanda ya samu cikakken maki, daga baya MIT ta ba shi gurbin karatu. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin shaidar cewa intanet kaɗai ta isa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shugaban makarantarsu tsohon ɗalibin MIT ne, shi ya haɗa yaran rukuni, ya samo wanda zai riƙa yi musu gwaje-gwaje a aikace. Yaron yana da malami a kusa, yana da abokan karatu.

Wannan shi ne abin da zaure ke da shi wanda waya ba ta da shi. A zaure akwai lokaci tsayayye. Idan ba ka zo ba kwana biyu, wani zai biyo ka gida ya ji ko lafiya. Idan ka karanta ba daidai ba, akwai mai gyara maka nan take.

Ni ma sai da na koma wannan tsari kafin na ga haske. Mu huɗu ne, duk masu aikin jarida, muka ɗauki littafin ƙididdigar nan guda ɗaya. Kowane mako babi guda, ranar Asabar bayan La'asar mu haɗu, kowa ya kawo amsoshin tambayoyin ƙarshen babi a rubuce. Mutum ɗaya ya zame a hanya. Mu uku muka kai ƙarshen abin da muka ɗiba cikin wata biyar. Ban samu wata takarda ba, amma tun daga lokacin ba a sake dawo mini da labari saboda alƙaluma ba, kuma yanzu nakan karɓi aikin nazarin kasafin kuɗi da a da nake gudu.

Ga mai son farawa

Fara da matsalar da ke gabanka. Mai shago da lissafin riba ke rikita shi ya nemi darasin ajiyar lissafi. Malamar firamare ta duba kayan TESSA. Ma'aikacin lafiya ya ɗauki littafin OpenStax na sanin jikin ɗan Adam. Wanda ya ɗauki kwas don kawai sunan jami'ar ya burge shi, da wuya ya wuce mako na biyu.

Ɗauki kwas ɗaya, ka duba abin da aka ce sai an sani kafin a shiga. Idan ya fi ƙarfinka, koma na ƙasa da shi, babu wanda zai yi maka dariya.

Don rage cin data, fifita rubutu a kan bidiyo, domin littafi sukutum bai kai nauyin lacca guda ba. Idan bidiyon ya zama dole, rage kyawun hoton, ka sauke da datar dare. Mutum ɗaya ya sauke ya tura wa sauran, lasisin ya yarda da hakan. Kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo, ka rage saurin muryar idan turancin ya yi maka gudu.

Ka tanadi littafin rubutu da biro, ka yi jingar da hannunka kafin ka leƙa amsa. Kallon lacca kamar fim yana sa mutum ya ji kamar ya gane, sai an ba shi tambaya ya ga ba haka ba. Sannan ka nemi mutum biyu ko uku ku sa rana da lokaci.

Ina namu jami'o'in?

Akwai ilimin da MIT ba za ta taɓa koya mana ba, domin a nan yake. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya ta shafe shekaru tana aiki a kan dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Gidan Arewa da ke Kaduna cike yake da takardun tarihi. Sassan harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun tara kundayen bincike a kan harshe da adabi da al'adun Hausa, da Hausa aka rubuta da yawa daga cikinsu, amma sai wanda ya taka ya je ɗakin karatu ke ganin mafi yawansu.

Ɗaukar lacca a yau bai wuce waya mai kyau da makirufo da wanda zai tsaya a kan aikin ba. Da kowace jami'a a Arewa za ta ɗauki kwasa-kwasai goma na ajin farko ta saki, wasu da fassarar Hausa, da manomi da ungozoma da makanike sun samu rabonsu daga makarantun da ake gudanarwa da dukiyar jama'a. Jami'ar ma za ta amfana, domin duniya ta san Gilbert Strang ne ta hanyar bidiyon da aka saki kyauta.

Kafin su yi hakan, abin da ke akwai ya isa a fara da shi. Mu dai rukuninmu na ranar Asabar yana nan, mun koma mu biyar, kuma littafin da ke gabanmu yanzu na tattalin arziki ne. Muna babi na shida.